Yadda ake rarrabe ma'adinan yashin kuza da maganaɗisu a ɗakin gwaje-gwaje

Duk wanda ya taso a unguwa ya san wasan nan. Ruwan sama ya ɗauke, baƙin yashi ya kwanta a gefen kwata ko a bakin rafi, yara su samo mayen ƙarfe daga tsohuwar sifikar rediyo su riƙa jan sa a ciki, ya fito da gashi baƙi ƙirin kamar bushiya. Mafi yawan abin da ya manne ɗin nan magnatait ne, wani nau'in tama. Aikin da muke yi a ɗakin gwaje-gwaje ɗan'uwan wannan wasa ne, sai dai mu muna da rariya da sikeli da littafin rubutu, kuma maganaɗisunmu ana iya ƙara masa ƙarfi ko a rage.

Zan ɗauki yashin kuza irin na tsaunukan Jos in yi bayani da shi, domin ban san wani samfuri da ya fi shi koya wa ɗalibi wannan aiki ba. A cikin cokali guda za ka samu kuza, da kolombait, da ilmanait, da monazait, da zirkon, da ɗan magnatait, kowanne da yadda yake amsa kiran maganaɗisu. Kolombait ɗin ma yana da labari. Da farko masu haƙar kuza a Bukuru da kewaye sun ɗauke shi tamkar datti mai ɓata musu kaya, suna zubar da shi. Da aka gane amfanin niyobiyom da ke cikinsa wajen haɗa ƙarfe mai jure zafi, sai ga shi a shekarun 1950 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi, har aka koma ana tone tsofaffin tarin shara. Abin da ya raba shi da kuza kuwa shi ne maganaɗisu: yana jan kolombait, ba ya jan kuza.

Halin ma'adinai a gaban maganaɗisu

Kashi uku ne. Akwai masu rugowa da gudu, irin su magnatait da ɓarɓashin ƙarfe. Waɗannan ko mayen ƙarfen sifika ya ishe su. Akwai masu amsawa da nauyin jiki, sai an tsananta ƙarfi kafin su motsa: ilmanait, kolombait, ganet, hematait, tomalin, monazait. Sai na uku, waɗanda babu ruwansu: farin yashi da ake kira kwaz, da zirkon, da tofaz, da kuza mai tsabta. Kashi na biyu nan ne aikin yake, domin a cikinsa ma wani ya fi wani saurin amsawa, kuma da wannan ɗan bambanci ake raba su. Shi ya sa dokar aikin take guda: fara da ƙarfi kaɗan, ka kwashe abin da ya amsa, sannan ka ƙara. Wanda ya murɗa na'ura zuwa ƙarshe tun farko ya tara kowa da kowa a kwano ɗaya, bai raba komai ba.

Kayan da za ka tanada

Sikeli mai iya auna kashi ɗaya cikin ɗari na giram, jerin rariyoyin gwaji, kwanukan alminiyom ko na tangaran, akwatin busarwa mai lantarki, maganaɗisun hannu, ledoji masu zif, farar takarda mai santsi, buroshi mai laushi irin na masu zane, madubin likita mai ido biyu, takunkumi, da na'urar rarrabewa. Wadda aka fi samu a jami'o'i ita ce ta Frantz, da ake ƙerawa a Amurka tun shekarun 1930. Cokali da ɗan tsinken da za ka taɓa samfuri da su su zama na roba, ko tagulla, ko alminiyom. Na baƙin ƙarfe zai fizge daga hannunka ya manne a jikin na'ura, ya watsar maka da aikin yini.

Mataki na 1: rage samfuri ba tare da son kai ba

An kawo maka yashi cikin buhu, kai kuwa giram 100 zuwa 200 kake bukata. Kada ka zura hannu ka ɗebo daga sama. Buhun ya sha girgiza a mota, masu nauyi da ƙanana sun gangara ƙasa, sama ta zama ta farin yashi. Juye shi duka a kan leda mai faɗi, ka gauraya, ka tara shi kamar tsibin gero, ka danne ƙoƙon ya baje, ka raba huɗu. Ɗauki kashi biyu masu kallon juna ta kusurwa, ka ajiye sauran biyun. Haɗa waɗanda ka ɗauka ka maimaita, har ka sauko kan adadin da kake so. In ɗakinku na da akwatin raba samfuri mai ramuka, yi amfani da shi, ya fi sauri. Abin da ka ajiye gefe ka ɗaure ka rubuta masa suna. Ranar da aka yi musu a kan sakamakonka, shi ne shaidarka.

Mataki na 2: niƙa, in dutse ne

Yashin rafi ba ya bukatar niƙa, ruwa ya riga ya yi maka wannan aikin. In kuwa dutse aka kawo, dole a farfasa har kowace ƙwayar ma'adini ta rabu da maƙwabciyarta. Ƙwayar da rabinta ilmanait ne rabinta kwaz ba ta da gida: yau ta faɗa wannan kwano, gobe wancan. Amma kada ka zarce ka mai da shi gari. Daka kaɗan, tankaɗe, mayar da tsakin da ya rage cikin turmi, sake dakawa, kamar yadda ake yi wa tsakin masara. Turmin ƙarfe da injin niƙa suna zuba nasu ɓarɓashin a ciki, kuma maganaɗisu zai kwaso shi kamar magnatait, don haka ka sa wannan a ranka idan ka zo lissafi.

Sa takunkumi, kuma in da hali ka jiƙa dutsen. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a Zamfara saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Ba ka san abin da ke cikin dutsen da aka miƙo maka ba sai bayan gwaji, ƙurar kuwa tun kafin gwajin take shiga huhu.

Mataki na 3: wanki da shanya

Zuba samfurin a bokitin roba, ƙara ruwa, dama, jira kamar rabin minti masu nauyi su kwanta, ka tsiyaye ruwan lakar a hankali. Maimaita har ruwan ya fito garau. Laka ita ce babbar maƙiyiyar wannan aiki: tana haɗa ƙwayoyi su dunƙule, tana kuma shafe fuskarsu ka kasa gane su a madubi.

Akwai wata matsala da ta shafi jar ƙasarmu. Sau da yawa za ka ga ƙwayoyin farin yashi sun yi riga ja ta tsatsa. Wannan 'yar rigar tana sa kwaz ya bi maganaɗisu alhali ba halinsa ba ne. Ana wanke ta da ruwan asid na okzalik mai ɗumi, sannan a ɗauraye sosai da ruwa. Wasu na amfani da asid na haidirokulorik da aka tsarma, amma ka sani yana cinye ma'adinan afatait da kalsait. In kana neman su, ka kauce masa. Duk aikin asid a yi shi a akwatin zuƙe hayaƙi, da safar hannu da tabarau.

Sai shanya. A akwatin busarwa, zafin digiri 105 yana korar danshi gaba ɗaya, ko da yake in za a yi wasu gwaje-gwaje masu tsauri a kan ƙwayoyin daga baya ana sassauta zafin ƙasa da haka a ƙara lokaci. Kada ka ɗora a kan murhu ko risho don sauri. Gashi mai tsanani yana iya sauya halin wasu ma'adinan ƙarfe, wanda da ba ya bin maganaɗisu ya koma bi. Gwajin bushewa mai sauƙi ne: zuba kaɗan a takarda ka karkata ta. In ya gangara kamar sukari, ya yi. In yana tafiya a dunƙule, mayar da shi.

Mataki na 4: tankaɗe

Nan ne ɗalibai suka fi ƙosawa, nan ne kuma rabin nasarar take. Jera rariyoyi daga mai manyan ido a sama zuwa mai ƙanana: maikiron 500, 250, 125, 63, da kwanon tara gari a ƙasa. Maikiron 1,000 ne milimita ɗaya. Girgiza minti 10 zuwa 15, ka auna abin da ya tsaya a kowace rariya ka rubuta.

Kowane kashi za a kai shi ga maganaɗisu shi kaɗai, ba a haɗe ba. Dalili kuwa, babbar ƙwaya tana gangarawa da gudu ta ture ƙanana daga hanyarsu, garin da ya yi laushi ƙwarai kuma yana manne wa manya ya bi su inda ba nasa ba. Ni na fi son kashin 125 zuwa 250: yana gudu lafiya, yana kuma ganuwa sarai a madubi. Abin da ya gaza 63 kada ka wahalar da kanka da shi a busasshiyar na'ura, sai dai a rarraba shi cikin ruwa.

Bayan kowane samfuri ka kifa rariya ka goge ta ta baya da buroshi. Ƙwayar zirkon guda da ta maƙale daga samfurin jiya tana iya shiga na yau, wani ya je ya gina babi guda na kundin digirinsa a kanta.

Mataki na 5: rage farin yashi

In samfurin ɗanye ne, mafi yawansa kwaz ne, kuma ɓata lokaci ne ka bi da shi duka ta na'urar da ke cin 'yan giram a cikin mintuna. Nauyi zai raba maka su. Kwaz ya ninka nauyin ruwa sau 2.65 ne kawai, ilmanait da zirkon kusan 4.7, monazait da magnatait sama da 5 kaɗan, kuza kuwa kusan 7. Rairaya a faranti cikin ruwa, irin yadda mata ke rairaye tsakuwa daga shinkafa kuma masu wankin kuza ke yi a bakin kududdufi, tana kawar da mafi yawansa. In ana son tsabta sosai sai a yi amfani da ruwa mai nauyi, wanda kwaz ke yawo a samansa masu nauyi su nutse. Tsohon da aka saba da shi, buromofom, nauyinsa 2.89, guba ne, ba a buɗe shi sai a akwatin zuƙe hayaƙi. Ruwan gishirin tangistan da ya zo daga baya ya fi aminci, sai dai tsada. Bayan wannan a sake wankewa a sake busarwa.

Mataki na 6: maganaɗisun hannu

Auna kashin da za ka yi aiki da shi, ka rubuta nauyinsa. Baza shi a farar takarda, shimfiɗa siririya ƙwarai, kusan ƙwaya ɗaya ɗaya. Sa maganaɗisu a cikin leda, ka riƙa wucewa da shi sama da yashin da tazarar kamar kaurin yatsa, ba tare da ka dangwala ba. Matsa kan wata takardar, zare maganaɗisun daga ledar, abin da ya manne zai zube da kansa. Wanda ya taɓa sa tsiraran maganaɗisu cikin baƙin yashi ya san dalilin ledar. Sai ka kwana kana tsincewa.

Gauraya, sake bazawa, sake wucewa, har sai ba abin da ke tashi. Abin da ka kwasa shi ma ka baza shi ka sake bi ta kansa daga ɗan nesa, domin magnatait idan zai tashi yakan rungumo maƙwabtansa.

Ka lura da irin maganaɗisun. Baƙin nan na sifika shi ya dace da wannan mataki. Mai ƙyallin nan na niyodimiyom, irin wanda ake cirowa daga ma'ajiyar tsohuwar kwamfuta, ya yi ƙarfi da yawa: zai ɗauko ilmanait da ganet tare da magnatait. Amma ga wanda ba shi da na'ura, wannan aibin shi ne amfaninsa. Bi da na sifika tukuna, sannan ka bi da mai ƙarfin daga nesa, sannan daga kusa, za ka samu kashi uku ko huɗu. Ba za su kai na na'ura tsabta ba, amma sun isa su gaya maka abin da ke cikin buhu.

Kada ka tsallake wannan mataki ko da ka ga kamar babu magnatait. Ni na taɓa tsallakewa ina ɗalibi, ina sauri in gama kafin a rufe ɗaki. Cikin minti biyu ƙwayoyin suka tsaya cak a tsakiyar na'ura, suka yi gemu, suka tare hanya, duk abin da ke biye ya tumbatsa ya zube a kan tebur. Yinin da na so in tsira da shi, a shara da buroshi ya ƙare.

Mataki na 7: na'urar Frantz

Siffarta ba ta da wuya. Babban maganaɗisun lantarki ne mai leɓɓa biyu dogaye, da wani siririn indararo da ya ratsa tsakaninsu. A sama akwai mazurari da ake zuba samfuri, indararon yana karkarwa don ƙwayoyi su gangara, a ƙasa kuma ya rabu biyu, kowane reshe da ɗan kwanon da ke rataye a bakinsa. Abu uku kake saitawa.

Na farko gangaren gaba, wato yadda indararon ya sunkuya daga mazurari zuwa kwanuka. Shi ke sa sauri ko jinkiri. Digiri 15 zuwa 25 aka saba. Ƙananan ƙwayoyi sun fi son gangare mai yawa. Na biyu karkatar gefe, yadda aka kwantar da na'urar ta ɓangare ɗaya. Wannan ita ce zuciyar aikin. Nauyi yana jan kowace ƙwaya zuwa gefen da ya yi ƙasa, maganaɗisu yana tura masu amsa shi zuwa gefen da ya yi sama. Wadda maganaɗisu ya rinjaya ta hau ta faɗa kwanon sama, wadda nauyi ya rinjaya ta faɗa na ƙasa. Fara da digiri 15 ko 20, kuma in ka zaɓa ka tsaya a kai har ƙarshen zagayen. Na uku ƙarfin lantarki, da ake aunawa da amfiya. Ka riƙe wannan: in ka ninka lantarki sau biyu, jan da ake yi wa ƙwaya yana ninkuwa kusan sau huɗu, har zuwa inda ƙarfen na'urar ya ƙoshi ya daina ƙaruwa haka. Saboda haka ɗan murɗi kaɗan ba ƙaramin abu ba ne.

Kafin ka kunna, cire agogo, ajiye waya da katin banki nesa. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji kada ya matso kusa sam. Kunna, ka bar ta ta ɗumama kamar rabin awa. Waya idan ta yi zafi lantarkin da ke bin ta yakan ragu, sai ka ga allurar da ka saita a 0.5 ta sauko ba ka sani ba. Riƙa leƙa ta.

Yanzu saita amfiya 0.1 ko 0.2, kunna karkarwa, buɗe mazurari kaɗan. Kalmar ita ce kaɗan. So ake ƙwayoyi su riƙa sauka kamar layin tururuwa, kana iya ganin ƙasan indararo a tsakaninsu. In suka yi kauri, na sama suna danne na ƙasa, babu wadda ta samu sararin zaɓar hanyarta. Giram 50 na iya cin awa guda ko fiye a zagaye ɗaya. Wanda ba shi da wannan haƙurin ya nemi wani fanni.

Idan duka ya wuce, rufe mazurari, juye kwanon sama a leda, rubuta lambar samfuri da girman ƙwaya da amfiya da karkata. Abin da ke kwanon ƙasa ka mayar cikin mazurari, ƙara lantarki, sake bi. Haka za ka yi ta hawa: 0.3, 0.5, 0.8, 1.2, har ƙarshen abin da na'urar ke iyawa. A karkatar digiri 15 zuwa 20, ga abin da akan gani a yashin kuza. Ragowar magnatait da ƙwayoyin da yake maƙale a jikinsu su ne farkon fita. Ilmanait yana biye, yawanci kafin a wuce 0.4. Ganet da kolombait suna kusa da shi, suna ɗan jan ƙafa. Monazait da tomalin sai an kai tsakiyar hawa, wajen 0.5 zuwa 0.8. Abin da ya ƙi amsawa har ƙarshe shi ne kuza da zirkon da tofaz da ragowar kwaz. In kana son tace wannan na ƙarshe sosai, rage karkatar gefe zuwa digiri 5 ko ƙasa, ka bar lantarki a sama, ka sake bi.

Waɗannan lambobi jagora ne kawai. Ma'adini ɗaya daga rami biyu yana iya fita a wuri daban, gwargwadon ƙarfen da ke cikinsa, kuma na'ura biyu ba sa zama daidai. Ilmanait da kolombait musamman suna shiga gonar juna. A tsakaninsu sai ka riƙa hawa da 0.05, kuma duk da haka za a samu kashin da ya cakuɗe. Akwai kuma baƙar kuza mai ƙarfe a ciki wadda takan bi maganaɗisu ta faɗa cikin kolombait. Kowane kwano da ka damu da shi, sake bi da shi sau biyu a saitin da ya fito.

Yanayi ma yana da ta cewa. Da damina samfuri yana shan danshi daga iska tun yana cikin mazurari, sai ka riƙa ɗebowa kaɗan kaɗan daga akwatin busarwa. Da hunturu kuma bushewa ce ke jawo wata wutar, irin wadda ke sa riga ta riƙa ƙara idan an cire ta: ƙwayoyi su manne a leda da bangon indararo su ƙi sauka. A lokacin takarda da kwanon alminiyom sun fi roba. In aka ɗauke wuta kana tsakiyar zagaye, rufe mazurari nan take, ka haɗa kwanukan biyu na wannan zagayen ka sake daga farkonsa, domin a daidai lokacin da wutar ke mutuwa ko take dawowa ƙwayoyi sun bi hanyar da ba tasu ba. In da janareta ake aiki, a sa na'urar daidaita wuta a tsakani.

Da ka gama, sauke lantarki a hankali zuwa sifili kafin ka kashe. Zare indararo ka goge shi da buroshi, ka goge leɓɓan maganaɗisu da mazurari.

Mataki na 8: duba da ido

Na'ura ba ta san sunan ma'adini ba, ƙarfin amsawarsa kawai ta sani. Ɗebi kaɗan daga kowace leda ka sa a madubin likita. Ilmanait baƙi ne mai ƙyallin ƙarfe. Monazait ruwan zuma ne, mai sheƙi kamar ƙaro. Ganet yakan yi ja ko ruwan hoda, kamar fasasshen gilashi. Zirkon sau da yawa dogo ne mai tsini biyu, kuma a ƙarƙashin fitilar ultrabayolet yakan yi hasken rawaya. Kolombait da ilmanait suna rikita ko gwani. Goga ƙwaya a kan tangaran mara sheƙi, zanen kolombait yakan fi karkata zuwa ja mai duhu, amma hukuncin ƙarshe na na'urar tantance sinadarai ne.

Kuza tana da tsohon gwaji mai daɗi. Ɗora ƙwayoyin a kan ɗan farantin zinki, ɗiga musu asid na haidirokulorik da aka tsarma. Bayan 'yan mintuna ƙwayar kuza za ta yi riga toka-toka ta ƙarfen kuza, in ka murza ta yi ƙyalli. Zirkon ba zai sauya ba. Wannan yana da amfani domin maganaɗisu ba ya raba kuza da zirkon, kwano ɗaya suke faɗawa. A masana'anta da wata na'urar ake raba su, mai aiki da cajin lantarki, saboda kuza tana ɗan wuce da lantarki, zirkon ba ya wucewa.

Ƙirga ƙwayoyi 200 zuwa 300 a kowane kashi, ka rubuta nawa ne na kowane iri. Aiki ne mai gajiyar da ido, amma shi ke mai da "galibi ilmanait ne" ya zama lamba.

Mataki na 9: lissafi

Auna kowace leda, ka tara, ka gwada da nauyin da ka fara da shi. In abin da ya ɓace ya wuce kashi 1 ko 2 cikin ɗari, nemo inda ya shiga kafin ka ci gaba. Daga nan abu uku ake fitarwa: yawan abin da ya fito, da darajarsa, da kason da aka ceto. Ga misali da lambobin da na ƙago don bayani. Ka fara da giram 100 mai ɗauke da ƙarfen kuza kashi 20 cikin ɗari, wato giram 20. Kwanon waɗanda ba sa amsawa ya ba da giram 30, gwaji ya nuna kashi 60 cikin ɗari, wato giram 18. To yawan da ya fito kashi 30 ne, daraja 60, abin da aka ceto 18 cikin 20, kashi 90 cikin ɗari. Giram 2 da suka rage suna cikin sauran ledojin, kuma ya kamata ka san wacce. Wani abin lura: kuza mafi tsabta ba ta kai kashi 79 cikin ɗari na ƙarfen ba. Duk sakamakon da ya haura haka, kuskure ne a wani wuri.

In tama ce aka kawo

Ga dutsen tama da aka niƙa ya yi laushi, ana amfani da bututun Davis, wanda Edward Davis ya ƙirƙiro a Jami'ar Minnesota a farkon shekarun 1920. Bututun gilashi ne da aka karkata digiri 45 tsakanin leɓɓan maganaɗisu, yana kai da komo ruwa na bi ta cikinsa. Cika shi da ruwa, kunna maganaɗisu, zuba giram 10 zuwa 20 da ka dama, kunna motsi da ruwa, ka bari har ruwan da ke fita ya washe, kamar minti 10 zuwa 15. Sannan ka sa kwano mai tsabta, kashe maganaɗisu, wanke abin da ya kama ya sauko, busar, auna. Ka tuna masu rugowa da gudu irin su magnatait kaɗai yake kamawa. Tamar Itakpe ta jihar Kogi, alal misali, haɗin magnatait da hematait ce, kuma hematait ɗin zai bi ruwa ya fita. Sai an gwada abin da ya fita ɗin ma kafin a ce ga yawan ƙarfen da ke cikin dutsen.

Ledar monazait

Wannan leda daban take. Monazait yana ɗauke da toriyom, zirkon ma yakan ɗauki ɗan yuraniyom da toriyom, dukansu suna fitar da tururin nukiliya. A cikin ɗanyen yashi a warwatse suke, amma kai yanzu ka tattara su wuri guda. 'Yan giram a ɗakin gwaji ba abin firgita ba ne, haɗarin yana wajen shaƙar ƙurarsu ko haɗiye ta. Zuba su a kwalba mai murfi, rubuta abin da ke ciki, ajiye a kabad nesa da inda mutane ke zama, ba a aljihu ko a durowar tebur ba. Kada a ci abinci a ɗakin, a wanke hannu kafin a fita, a goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. In ɗakinku na da na'urar auna tururi, ɗora ta a kan kwalbar ka rubuta abin da ta nuna a jikin takardar samfurin. Ragowar kuma kada a zuba a kwandon shara ko a bayar a yi yaɓe da shi. A mayar cikin buhun da ya zo, a ɗaure, a rubuta kwanan wata.